Gashin Ƙeya Zai Dawo

(Taken shiri, sannan a sassauta shi)

Masu sauraronmu na cikin garin Haɗeja, daga Matsaro zuwa Dubantu, daga Yankoli zuwa Majema, da na Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kiri Kasamma, barkanmu da war haka. Masu jego, barka da arziki, Allah ya raya. Iyayenmu kakanni da ke tsaye a kan ruwan wanka tun asuba, sannunku da ɗawainiya. Yau zancen namu a kan sumar jariri ne, da kuma yadda ake kwantar da shi. Wanda ya ji an ce suma zai ɗauka zancen kwalliya ne, amma ina roƙon a matso kusa da rediyo, domin akwai batun rai a ciki.

Bari in fara da abin da ya faru da ni. Lokacin da na haifi ɗan fari, na je wanka gida kamar yadda aka saba. An yi suna, an yi aski, an yi arba'in, har na koma ɗakina. Yaro yana cikin wata na uku sai na lura gashi ya fito masa gaba da gefe, baƙi wuluk, amma ƙeyarsa fayau, kamar an sa hannu an share. Na kai shi wurin kakata. Ta juya shi, ta shafa wurin, ta ce katifa ce ta cinye masa gashi, kuma laifina ne da nake barinsa rigingine dare da rana. Ta ce daga yau in riƙa kifa shi. Na kifa shi kuwa, har na tsawon makonni, sai da wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni yadda yake kwana ranar da na kai shi rigakafi. Da na gaya mata, sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta zaunar da ni. Allah ya tsare mini yarona. Kakata kuwa, Allah ya jiƙanta, ƙauna ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa, kuma abin da ta gada ke nan. To amma an samu ilimin da bai iso zamaninta ba, shi nake so mu raba yau.

Gashi ba a rana ɗaya yake fitowa ya zauna ba. Tun jariri yana ciki, wajen wata na uku zuwa na biyar, ake shuka masa tushen gashi a cikin fata. A fatar kai kaɗai akwai kimanin dubu 100. Da adadin da aka haife shi da shi zai rayu, ba mai da ke ƙara ko guda ɗaya, ba aska da ke ƙarawa. Kowane tushe yana da zagayensa: lokacin tsiro, sai lokacin hutu na kimanin wata uku, sai silin gashin ya saki ya faɗi, sabo ya biyo bayansa. A kan babba, kowane tushe da nasa lokacin, shi ya sa muke zubar da gashi kullum ba mu lura ba. A kan jariri kuwa tare suke tafiya, yanki-yanki, kamar gonakin fadama. Manomin Auyo ya san ba rana ɗaya ake yanke shinkafar kowa ba, wanda ya riga dasawa shi ke riga yanka. Gashin gaban kai da na gefe ya riga ya yi zubarsa ta farko tun jariri yana ciki, wajen wata na bakwai zuwa na takwas, sabo ya fito, babu wanda ya gani. Na ƙeya shi ne mai jinkiri. Sai dab da haihuwa yake shiga hutu, saboda haka zubarsa takan faɗo ne mako 8 zuwa 12 bayan haihuwa, a gaban idon uwa da kaka da 'yan barka.

A nan ƙasarmu akwai abin da ke ƙara fito da shi fili, wato askin suna. Ranar bakwai wanzami ya share kai tas. Gashin gaba yana cikin lokacin tsiro, sai ya ci gaba da fitowa, kimanin santimita ɗaya a wata. Na ƙeya yana hutu, ba ya motsi, sannan guntayen su zube. Sai uwa ta ga ko'ina ya yi baƙi ban da wuri ɗaya, kuma wurin nan shi ne daidai inda kai ke taɓa shimfiɗa. Wa zai ga haka bai zargi shimfiɗa ba?

Likitoci ma sun daɗe suna zarginta. Sai a shekarar 2005 wasu likitoci biyu, Mario Cutrone na Italiya da Ramon Grimalt na Sifen, suka wallafa binciken da ya nuna cewa wannan sanƙon ƙeya ba shi da alaƙa da yadda ake kwantar da jariri. A 2011 aka sake dubawa a Koriya ta Kudu, aka samu kusan jariri ɗaya cikin biyar yana yinsa, kuma nan ma ba a ga hannun kwanciya a ciki ba. Iyakar abin da gugar shimfiɗa ke yi shi ne ta karkaɗe gashin da dama ya riga ya saki, kamar yadda iska ke kaɗo ganyen da ya bushe. Tushen yana nan da ransa a ƙarƙashin fata. Yawancin yara kafin su cika shekara wurin ya cike, har a manta an taɓa yin zancen.

Ke kanki mai jego, duba matajinki a wata na uku ko na huɗu. Za ki ga naki gashin ma yana zuba fiye da yadda kika saba. Sinadaran jiki da suka hau lokacin ciki ne suka sauka bayan haihuwa, sai gashi mai yawa ya shiga hutu a lokaci guda. Ke da ɗanki kusan tare kuke zubarwa, tare kuma za ku mayar. Ba maita, ba kambun baka, ba nono ne ya lalace ba.

Tun da mun taɓo ciki, akwai maganar da mata ke yi cewa mai fama da ƙwannafi za ta haifi mai suma. Wannan kam iyayenmu suna da abin faɗa. A 2006 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun bi mata 64, suka tarar waɗanda ƙwannafi ya fi damu sun fi haihuwar jarirai masu gashi. Sai dai ba gashin ne ke sosa ƙirjin uwa ba, domin jariri yana cikin mahaifa, nesa da hanyar abinci. Abin da ake kyautata zato shi ne sinadaran ciki ɗaya ne ke sassauta bakin tumbin uwa, su kuma taɓa tsiron gashin ɗan. Na kawo wannan ne don kada a ce duk abin da tsofaffi suka faɗa muna turewa. Wani an auna an same shi da gaskiya, wani an auna an ga akwai gyara.

(Kiɗa kaɗan)

Yanzu ga inda nauyin shirin yake. Akwai wata mutuwa da ke ɗaukar jarirai cikin barci. An shayar da yaro lafiya lau, an kwantar da shi, gari ya waye babu shi, ba zazzaɓi, ba kuka, ba wata alama. Mutuwar fuju'a ke nan ta jarirai. A gidajenmu idan ta faru, wani lokaci a ce uwa ce ta danne shi, wani lokaci a ce iska ce, a yi haƙuri a binne. Wannan mutuwa ta fi yawa tsakanin wata 2 da wata 4, kuma kusan tara cikin goma na faruwa kafin yaro ya cika wata 6. Ku riƙe wannan lissafi ku haɗa da na ɗazu. Sanƙon ƙeya yana bayyana a wata na biyu zuwa na uku. Ke nan daidai lokacin da uwa ke ganin ƙeya fayau, ake ba ta shawarar ta kifa yaro, shi ne lokacin da kifawar ta fi kowane lokaci haɗari. Wannan haɗuwa ita ta sa na zaɓi batun nan.

Turawa sun biya wannan ilimi da tsada. Shekaru masu yawa likitocinsu da kansu suna cewa a kwantar da jarirai rub da ciki, yara kuma suna ta mutuwa ba a gane dalili ba. Sai a ƙarshen shekarun 1980 bincike daga ƙasashe daban-daban ya nuna inda matsalar take. Ƙasar Holan ta fara gargaɗi a 1987. Ingila da New Zealand suka yi gangami a 1991. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 1992, aka ƙaddamar da babban gangami a 1994. Ba allura aka raba ba, ba magani aka sayar ba. Cewa kawai aka yi a juya jarirai rigingine. Cikin kimanin shekara goma wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi a Amurka, a Ingila ma ta faɗi warwas. Da farko an yarda da kwanciyar gefe, amma a 2005 ita ma aka janye ta, domin jaririn da aka kwantar a gefe cikin sauƙi yake gangarawa ya kife.

Me ya sa kifawa ke da haɗari? Wuyan ɗan wata biyu bai yi ƙwari ba. Idan fuskarsa ta nutse a katifa ko zane, ba lalle ne ya iya ɗagawa ba. Iskar da ya fitar ita zai riƙa maimaita shaƙa, mai amfanin tana raguwa. Jikinsa kuma ya fi tara zafi. Sannan barcin rub da ciki ya fi nauyi, kuma wannan ne ma ya sa iyaye ke sonsa, a ce ai ya fi daɗewa bai farka ba, ba ya firgita. To wannan saurin farkawa da muke ƙorafi a kai, shi ne mai gadin jariri. Idan numfashi ya fara gaza masa, farkawar ce ke cetonsa. Akwai kuma abin da bincike ya nuna wanda ya shafi labarina kai tsaye: jaririn da ya saba kwana rigingine, rana ɗaya aka kifa shi, ya fi wanda ya saba da kifawa shiga haɗari. Saboda haka ba uwa kaɗai ya kamata ta sani ba. Kaka, gwaggo, kishiya, maƙwabciya, da yarinyar da ake bar wa reno, kowa ya san yadda ake kwantar da wannan yaro, barcin dare ko na rana.

Na san tambayar da ke bakin Inna yanzu, kuma tambaya ce ta mai hankali: idan ya yi tumbuɗi yana rigingine fa, ba zai ƙware ba? Inna, ki taɓa wuyanki. Wannan mai tauri da kika ji a gaba ita ce hanyar iska. Hanyar abinci tana bayanta. Idan yaro yana rigingine, hanyar iska ce a sama, ta abinci a ƙasa, nonon da ya taso sai ya koma inda ya fito ko ya zubo ta gefen baki, domin ruwa gangare yake bi. Idan aka kifa shi sai tsarin ya juye, hanyar iska ta koma ƙasa, abin da ya taso ya taru a bakinta. Ƙasashen da suka juya miliyoyin jarirai rigingine sun sa ido a kan wannan tsoro, ba su ga ƙwarewa ta ƙaru ba. Ki dai sa uwar ta ɗora shi a kafaɗa bayan shan nono har ya yi gyatsa, sannan a shimfiɗe shi.

Idan yaro ya kai inda yake juya kansa da kansa, daga baya zuwa ciki, daga ciki zuwa baya, wanda yakan zo wajen wata 5 ko 6, ba sai kin kwana kina gadinsa kina mayar da shi ba. Ke dai ki fara ajiye shi rigingine har ya cika shekara, shi ya zaɓi sauran.

Ga wadda ta taɓa rasa jariri a irin wannan hali kuma tana jina yanzu, 'yar'uwa, ba tuhumarki nake yi ba. Rai na Allah ne, kuma akwai yaran da aka yi musu komai daidai, duk da haka wa'adi ya cika. Allah ya sa mai ceto ne. Abin da addininmu ya koya mana shi ne mu riƙi sababi sannan mu dogara, kuma wannan sababi ne da ba ya cin ko kwabo.

(Kiɗa kaɗan)

Ba zan ɓoye muku ba, kwanciyar rigingine tana da nata abin lura. Ƙashin kan jariri yana da laushi, bai gama haɗewa ba. Idan kullum wuri ɗaya ke ɗaukar nauyi, ƙeya na iya bajewa ko gefe ɗaya ya lotsa. A ƙasashen da na ambata an ga ƙaruwar haka bayan gangamin. Yawanci wannan bajewa ba ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma takan gyaru idan yaro ya fara zama da rarrafe. Kifa yaro cikin barci don gudun bajewar ƙeya shi ne garin neman gira a rasa ido.

A nan kuma mu muna da gadon da ya kamata mu riƙe hannu biyu, wato goyo. Jaririn Bature yakan wuni a gadonsa ko a kujerar mota, kansa a jingine. Namu yana bayan uwa tana shara, tana tankaɗe, tana tafiya unguwa, ƙeyarsa ba ta taɓa komai. Sai dai a kula da abu biyu. Na ɗaya, a riƙa sauya masa inda yake fuskanta, yau kuncin dama a bayanki, anjima na hagu. Na biyu, hanci da baki su kasance a fili. Sau da yawa za ka ga an goya jinjiri, an ɗaura majanyi, an yafa mayafi, an zuba hijabi mai kauri a kai cikin zafin Afrilu, ba a ko ganin alamar akwai mutum a ciki. Ki riƙa leƙawa, ki bar masa hanyar iska, kuma kada haɓarsa ta manne da ƙirjinsa.

Rub da ciki yana da lokacinsa, shi ne idan yaro yana farke kuma idonki yana kansa. Ki shimfiɗa zane a tabarma, ki kifa shi na 'yan mintuna, sau biyu ko uku a rana, kina ƙarawa yana girma. Ko ki kishingiɗa ki ɗora shi a ƙirjinki yana kallon fuskarki, in dai ba barci kike ji ba. Wannan ke ƙarfafa wuya da kafaɗu. Da ya fara lumshe ido, a juya shi. A wurin kwana kuma, yau a sa kansa ta gabas, gobe ta yamma, domin jariri yana bin haske da muryar uwa ne da kai. Idan kin ga kullum gefe ɗaya yake karkata ko me aka yi, ko kin ji wani tudu mai tauri kamar kunya a kan ƙashin, ko kan yana girma fiye da kima, wannan na asibiti ne. A daina matsa kan jariri da tsumma mai zafi wai ana gyara shi. Tsawon da kai ke yi wajen fitowa yana komawa da kansa cikin kwanaki, ruwan zafi kuwa ƙuna yake bari.

Yanzu mu shigo ɗakunanmu na bakin kogi, domin shawarar da ba ta san ɗakin mutum ba ba ta da amfani. Yawancinmu da jariri muke kwana a shimfiɗa ɗaya. To a gyara shimfiɗar. Katifar da ta mutu ta yi rami a tsakiya, tabarma da zane mai ninki biyu sun fi ta aminci. Ba filo ga jariri, ko ɗan ƙaramin nan da ake sayarwa cikin kayan haihuwa wai don gyaran ƙeya. Kada a kwana da shi a kan kushin. Ya kwanta ta gefen uwa, ba tsakanin manya biyu ba, ba kuma kusa da yayansa ɗan shekara uku mai birgima ba. Wadda ta sha maganin da ke sa barci mai nauyi, ta ba shi shimfiɗarsa daban a kusa da ita.

Mun ga abin da ambaliya ta yi a 2020 da 2022, lokacin da ruwa ya tashi garuruwa a masarautar Haɗeja, iyalai suka koma azuzuwan makarantu da kan tudu, mutum goma a inda biyar ke kwana. A irin wannan matsi jariri ne ya fi kowa shiga haɗari. Idan Allah ya sake jarraba mu, a fara ware masa nasa gurbin ta jikin uwarsa kafin kowa ya shimfiɗa.

Sauro kuma ba sai na gaya wa mutumin Guri ko Baturiya ba. Inda ruwa ke kwance cikin kacalla da gonakin shinkafa, gidan sauro wajibi ne ga uwa da ɗa kowane dare. A dai ɗaure shi ya miƙe, a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa, kada ya sauko ya kwanta a fuskar yaro. Da hunturu, sanyin Disamba da Janairu na bakin kogi kan sa a kai garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga, a naɗe jariri da shawul da bargo har ka. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe manya ma. A sa wa yaro kaya masu ɗumi, abin rufa ya tsaya a ƙirji, fuska da kai a buɗe, sai fa bakwaini ko ɗan kwanaki wanda ma'aikatan asibiti suka ce a sa masa hula. Ki taɓa bayan wuyansa, in kin ji gumi kaya sun yi yawa. Maigida, taba sigari tana cikin manyan abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin wannan mutuwa, kada a sha ta a ɗakin da jariri ke kwana. Mata masu bandar kifi da masu turara shinkafa, ku sauke goyo a ba wani ya riƙe nesa da hayaƙi, domin huhun jariri ba ya ɗaukarsa. Nonon uwa zalla har wata 6 kuwa, bayan duk sauran amfaninsa, shi ma an samu yana rage wannan haɗari.

(Kiɗa kaɗan)

Mu koma kan aski. Askin ranar bakwai yana da tushe a addini. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Nana Faɗima, Allah ya ƙara mata yarda, ta auna gashin 'ya'yanta ta yi sadaka da azurfa daidai nauyinsa. Babu mai cewa a bari. Abin da nake roƙo shi ne tsabtar ƙarfen. Angon ƙarni, kai da ka sayi rago, sayen sabuwar reza ba zai gagare ka ba. A buɗe ta a gabanka. Askar da ta taɓa jinin wani na iya ɗauko ciwon hanta, ƙarfe mai datti kuma na iya jawo tetanus, ciwon nan da ke sandarar da jariri ya kasa kama nono. Wanzamanmu da yawa sun karɓi wannan gyara, a ƙarfafa musu gwiwa. Amma maimaita aski wata-wata don gashi ya yi kauri, wannan wahalar da yaro ne kawai. Aska a saman fata take wucewa, tushe yana can ƙasa bai san an yi ba. Gashin da aka yanke bakinsa ne ke da kaushi, shi ya sa ake ganin kamar ya ƙaru. Kauri da laushi da yawan suma gado ne daga iyaye da kakanni. Man kaɗanya ko man kwakwa kaɗan yana tausasa fata, ya taimaka wajen ɗaga ɓawon nan mai maiƙo da ke fito wa wasu jarirai a ka, amma ba ya tsirar da gashi. Kada a ɓamɓare ɓawon da farce, a jiƙa shi da mai, a wanke a hankali.

Akwai dai gashin da ya kamata ya tayar mana da hankali, kuma abin da ke damuna shi ne sau da yawa ba shi muke kallo ba. Yaron da aka yaye ko ake dab da yayewa, gashinsa ya koma ja-ja ko ruwan ƙasa, ya yi laushi ya miƙe, in an ja ya tsinko ba tare da ya ji zafi ba, ƙafafu sun kumbura, ya daina wasa, wannan tamowa ce. Wata likita, Cicely Williams, ita ta bayyana irin wannan ciwo a ƙasar da yanzu ake kira Ghana a shekarun 1930, ta kira shi da sunan da mutanen wurin ke kiransa, kwashiyoko, ciwon yaron da aka yi wa ƙane. Irin wannan yaro asibiti za a kai shi yau, ba gobe ba. Kuma abin takaici ne a same shi a ƙasar da motoci ke lodin kifi daga kasuwar Haɗeja zuwa Kudu, ƙasar wake da gyaɗa da riɗi da madarar Fulani. Daga wata 6, kunun yaro ya samu garin busasshen kifi, ko ƙuli-ƙuli, ko ƙwai, ko wake da aka dafa ya yi lugub, nono kuma ya ci gaba.

Sai makero. Shi zagaye yake yi, da ɓawo, gashin wurin ya kakkarye, ga ƙaiƙayi, kuma ya fi kama yaran da suka fara tasawa. Yana yaɗuwa ta mataji da hula da askar mai aski. Na shafawa kaɗai ba ya kashe shi, sai an haɗa da na sha daga asibiti. Bambancinsa da sanƙon ƙeya a fili yake: sanƙon ƙeya fatarsa sumul take, ba ja, ba ɓawo, ba ƙurji, yaro kuma bai damu da wurin ba. 'Yan mata ƙanana kuma, a sassauta musu kitso. Idan kika ga ƙananan ƙuraje a bakin goshi ko yarinya ta kasa kwantar da kai daren da aka yi kitson, an ja da yawa, kuma jan da aka daɗe ana yi yana iya kashe tushen gashin gaba har abada.

Tun da hannunki yana kan yaron, ki taɓa maɗigarsa. Bugawar da take yi ba ciwo ba ne, kuma takan rufe tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, wasu su ɗan wuce. Idan ta faɗa ciki yaro yana gudawa ko amai, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Shafe-shafe a kanta ba ya mayar da ruwa. A ci gaba da ba shi nono, a haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti, a nufi asibiti mafi kusa. Idan kuwa ta kumbura ta yi tauri ga zazzaɓi, ko da tsakar dare ne a nemi abin hawa zuwa Babban Asibitin Haɗeja ko wanda ya fi kusa da ku.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna a kan cibiyar jariri, me ake sa mata, me ba a sawa. Mai tambaya a kan shirin yau ta aiko, ko ta riƙe ta zuwa ranar rigakafi ta yi wa ma'aikaciyar lafiya. Inna, Gwaggo, idan an idar da sallar isha'i a leƙa ɗakin mai jego a ga yadda jikan ya kwanta.

(Taken shiri)